Yadda Ake Kwance Tsohon Gida a Gina Sabo da Kayansa

Kuskuren da sababbin shiga harkar gini suka fi maimaitawa yana faruwa ne tun kafin a aza bulo ko ɗaya. Za a ba matashi aiki a fili mai tsohon gida, sai ya kira katafila ko ya tara leburori da manyan gudumomi, kafin kwana biyu an mai da gidan tulin ɓaraguzai, a biya tifa ta kwashe ta juye a kududdufi, sannan a nufi kasuwa a sayo siminti da rodi da katako sababbi fil. Mai gida ya biya kuɗin rushewa, ya biya na kwashewa, ya sake biyan kuɗin abin da jiya yake da shi a tsaye. Abin da nake so sabon magini da sabon mai zanen gini su riƙe shi ne, amfanin kayan tsohon gida ya rataya a kan yadda aka haɗa su tun farko da kuma yadda aka raba su yanzu. Ƙofar da aka zare a hankali tana nan a ƙofarta, wadda kuwa bango ya faɗo wa ta zama itacen girki. Haɗin farko ya riga ya wuce mu, amma rabuwar tana hannunmu, kuma ranar da muka zo ɗora sabon gini haɗin ma ya dawo wuyanmu.

Masana suna kiran wannan tsari tattalin arziki mai zagayawa, wato kada kaya su bi hanya ɗaya daga ma'adini zuwa gini zuwa juji, su riƙa komawa aiki muddin da sauran ƙarfi a jikinsu. Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi a fannin gini a bayyane yake. Duniya tana sarrafa siminti kimanin tan biliyan 4 a kowace shekara, ana ƙona dutsensa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma wannan sana'a ita kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya. A Tarayyar Turai, sharar gini da rusau ta haura kashi ɗaya bisa uku na dukkan sharar da ake tarawa. Sai dai maginin Hausa bai jira wannan lissafi ba. Lason da ake shafe soro da shi domin kare shi daga ruwa ana haɗa shi ne da katsin da aka kwaso daga marina, da gashin akuya daga majema, da ruwan dafara, ka ga sharar marini da ta majemi ita ce simintin magini. Bangon ƙasa idan ya faɗi, a farfasa shi a jiƙa a sake cura tubali. Azara kuwa takan ga gida biyu ko uku. Zuwan siminti ne ya yanke wannan zagaye, domin abin da ya kama ba ya saki.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana bukatar littafi da biro da tef na awo da wayar ɗaukar hoto. Guduma ƙarama da babba, kurfi, ƙarfen zare ƙusa, zarto, diga, shebur, baro, kwanon sarki da rariyar waya mai ido iri biyu. Tsani mai ƙwari, igiya da sandunan tokare. Tiyo ko jarkokin ruwa don kashe ƙura. Fenti ko alli na sa lamba. Tamfol da katakon shimfiɗa. Kowane ma'aikaci ya samu hular kwano, safar hannu, takalmi mai kaurin ƙasa da takunkumin da ke tace ƙura sosai, domin ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar siminti. Sannan akwai abu biyu da ba a saye a kasuwa: wurin ajiya mai inuwa da tsaro, da injiniyan gini mai rajista wanda zai yanke hukunci a kan duk abin da zai ɗauki nauyi.

1. A fara da tambayar ko rushewar ta zama dole. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kowanne riba, saboda bangon da aka bari a tsaye ba ya bukatar kwancewa ko dako ko sabon harsashi. A duba harsashin, a bi tsagogin bango a ga ko na sama-sama ne ko masu ratsa kauri, a gano inda ruwa ke shiga. Sau da yawa abin da ya sa gida ya yi kama da mai faɗuwa rufi ne da ya yi yoyo da indararon da ya toshe. A Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, lokacin da jama'a suka bukaci sabon masallacin Juma'a, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa sun mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse, aikin ya kammala a 2018. A birnin Bodo na Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal da abokan aikinsu sun gyara gidaje 530 a dogayen benaye uku, suka ƙara musu faɗi da haske ba tare da an rushe ko an tashi mazauna ba. Idan binciken ya nuna harsashi ya zauna ko bango ya karkata, to a kwance, amma bayan an samu izinin hukumar tsara birni, an sanar da maƙwabcin da kuka haɗa katanga, kuma idan gidan gado ne an tabbatar duk magada sun amince.

2. A ƙidaya kayan gidan tun yana tsaye. A shiga ɗaki ɗaki da littafi, a rubuta kowace ƙofa da taga da awonta, yawan fallen kwano, tsawon rafta da azara, tayil, bututu, tankin ruwa, duwatsun harsashi. A sa wa kowane abu lamba a jikinsa, a ɗau hotonsa a inda yake, domin ƙyaure da gwangwaninsa idan suka rabu a cikin tuli ba sa sake gane juna. A nan ne kuma ake farautar abubuwan da ke kisa. Tsohon silin da rufi mai kama da siminti na gidajen da suka kwana biyu sau da yawa na asbesto ne, ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekara 20 zuwa 40, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a farfasa shi a zuba a ciko. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri, a nemi umarnin hukumar muhalli kan inda za a binne, kuma kada a ba kowa shi kyauta ya rufa akurkin kaji. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. Wanda ya tuna yadda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san ba ƙurar da za a kankare a busasshe kusa da yara ba ce. A nemo tsohuwar rijiya da shadda a sa musu alama, a yanke wuta daga turke, a rufe ruwa.

3. A kwance daga ciki zuwa waje, daga sama zuwa ƙasa, wato a bi sawun maginin farko da baya. Rani ne lokacin wannan aiki, domin ƙasa da katako idan suka sha ruwan damina a buɗe sun lalace. A fara cire fitilu da famfuna da ƙofofi da tagogi, sai silin, sai kwano falle falle ana zare ƙusa maimakon a fizge, sai rafta. Idan rufin soro ne, a kwashe ƙasar sama tukuna, a yaye zana ko kara, sannan a zare azara ɗaya bayan ɗaya daga sama, kuma kada kowa ya tsaya a cikin ɗakin. Ɗaurin guga da bakan gizo kowane sashe nasu yana tokare da ɗan'uwansa, don haka sai an kafa sandunan tokare kafin a taɓa su. Bango kuwa layi layi ake sauke shi daga kai. Mummunar ɗabi'ar nan ta sare gindin bango a ture shi da igiya ita ce ke danne leburori, kuma ko ba ta kashe kowa ba ta niƙe duk abin da za a iya tsira da shi. A riƙa yayyafa ruwa ana aiki.

A nan ne mai gida zai ce lokaci ya tafi kuma kuɗin lebura ya ƙaru. Gaskiya ne, aikin da katafila za ta gama a yini yana iya cin mako biyu da hannu. Amma a ajiye lissafin biyu gefe da gefe. A ɗaya akwai hayar inji da man dizal da sawun tifa da farashin sababbin kaya. A ɗayan akwai ladan leburori, a cire darajar ƙofofi da kwano da katako da cikon da ba za a saya ba, da kuɗin ƙarfen da 'yan gwangwan za su auna su biya. A ƙasashen Turai ladan ma'aikaci shi ne ke sa wannan hanya ta yi tsada, duk da haka a Burasels akwai kamfanin haɗin gwiwa mai suna Rotor DC da ya mai da kwance gine-gine da sayar da kayansu sana'a. A wurinmu kuwa kaya ne masu tsada, hannu yana da yawa, kuma kasuwar tsofaffin kaya irin Panteka ta Kaduna ta daɗe da kafuwa. Inda hujjar mai gida take da ƙarfi shi ne ginin da ya riga ya zama haɗari, wanda hawa kansa ganganci ne. Wannan a bar wa inji, a tsinci abin da ya saura.

4. A tantance, a gwada, a adana. Kowane abu yana da matsayi uku da zai iya faɗawa: ya koma aikinsa na da, ya sauka zuwa aiki mai sauƙi, ko ya tafi a narke ko a niƙe. Ƙa'idar ita ce a riƙe shi a matsayi mafi girma da ƙarfinsa zai iya, kada a ɗaga shi sama da haka. Katako da azara a ƙwanƙwasa su, mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda gara ta cinye yana amsawa a dushe. A soka ƙusa a bakin da ya kwana cikin bango, domin nan ne ruɓa ke farawa, a yanke ɓataccen, a sake rubuta sabon tsawon. Tsohon katako mai lafiya sau da yawa ya fi na kasuwa, don ya gama bushewa ba zai murɗe ba. A jera shi a kan shimfiɗa nesa da ƙasa, da tazara tsakanin layuka don iska. Kwano a ɗaga shi a rana a ga hudoji, a duba tsatsar da ke gaɓar da falle ya hau kan falle. Mai kyau ya koma rufi, matsakaici ya rufa rumfa ko sito, sauran ya zama shingen wurin aiki. Tsohuwar wayar wuta kada ta sake shiga bango, a sayar da jan ƙarfenta ba tare da an ƙona robar ba.

Rodi ne nake so a yi wa tsanani. Ana ganin masu farfasa dekin suna zaro rodi, a miƙe shi da guduma, wani lokaci har a gasa shi a wuta, a sake sayar da shi ga mai neman araha. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ya rasa wani ɓangare na juriyarsa, yana iya karyewa farat ɗaya a inda sabon zai miƙe ya ba da gargaɗi, kuma ido ba ya ganin wannan rauni. Irin wannan rodi ya yi gadin taga, ya yi murfin kwata, ko ya tafi masana'anta a narke shi, wanda shi ma komawa aiki ne. Amma ginshiƙi da bim da dekin ba wurinsa ba ne. Masu cewa tsohon kaya ba shi da ƙarfi a nan suna da gaskiya, kuma mai kare wannan tsari da ya musanta haka yana jefa rayukan mutane cikin haɗari. Amsar ita ce gwaji da sanin matsayi, domin sabon bulon da aka buga da yashi fal da ɗan siminti kaɗan shi ma yana marmashewa a hannu.

5. A sarrafa ƙasa da ɓaraguzai, waɗanda su ne mafi yawan nauyin gidan. Ƙasar tsohon bango dukiya ce, don an riga an zaɓe ta an tace ta, amma ba duka ba. A ware layukan gindi da suka sha damshi da gishiri, da duk bangon da ya kewaye makewayi ko turken dabbobi, saboda gishirin zai bi sabon bango ya riƙa cin sa daga ƙasa. Wannan a kai gona. Sauran a farfasa, a tankaɗe, a gwada: a zuba ƙasar a kwalba zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza a bari ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka a sama. Idan lakar ta yi yawa tubalin zai tsattsage, sai a ƙara yashi. Idan ta yi kaɗan zai marmashe, sai a ƙaro sabon birji. A jiƙa a bar ta ta tsumu kwanaki, a zuba sabuwar ciyawa tunda tsohuwar ta ruɓe, a cura ƴan tubala a shanya a gani kafin a yi na gida duka. Wanda zai buga bulo da injin matsa ƙasa yakan sa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ya rufe bulon ya riƙa ba shi ruwa. Hakan yana ƙara juriyar ruwa, amma a sani cewa ƙasar da aka gauraya da siminti ba ta komawa laka cikin sauƙi, don haka ni ina ganin a taƙaita shi ga layukan ƙasa da bangon da ruwan gabas ke duka.

Bulon siminti mai rami da wuya ya fito lafiya, makomarsa cikon daɓe, a dandaƙe shi daki-daki ana jiƙawa. Farfasasshen kankare kuma yana iya maye gurbin tsakuwa idan an tsince katako da leda da ƙasa, musamman ɓurɓushin adon silin na fi-o-fi, wanda sinadarinsa ke kumbura kankare ya tsaga shi daga ciki. A tankaɗe a bar wanda bai wuce milimita 20 ba, a wanke, a jiƙa shi tun daren jiya, domin tsohon simintin da ke manne da shi yana shan ruwa fiye da dutse, idan aka zuba shi a bushe zai tsotse ruwan kwaɓin. Ya dace da daɓe da kwata da bulon shimfiɗa tsakar gida. Ko a Turai inda ake da injunan tacewa, ƙa'idojin gini suna taƙaita yawan da za a sa a kankaren da ke ɗaukar nauyi, don haka a nan kada a kai shi dekin sai an zuba samfuri an matse shi a ɗakin gwaji bayan kwana 28 injiniya ya sa hannu.

6. Sai yanzu ake zane. Sabon mai zane yakan gama zanensa a kwamfuta sannan ya je neman tsohuwar tagar da za ta shiga ramin da ya ƙirƙira, ba zai samu ba, sai ya ce tsarin ba ya aiki. A juya lamarin: littafin mataki na biyu shi ne zai faɗi faɗin ƙofa, tsawon raftar da ke hannu shi ne zai faɗi faɗin ɗaki, tayil ɗin da bai isa falo ba ya isa banɗaki. Bangon ƙasa a ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a ba rufin baki mai tsawo. Akwai masu jin kunyar a ce sun yi gini da kayan gwanjo, kuma ba a raina wannan damuwa, don gida mutuncin mai shi ne. Abin da ke sa tsohon kaya ya yi kama da talauci shi ne a cusa shi a ɓoye ba tsari. Wang Shu na ƙasar Sin ya lulluɓe gidan tarihin Ningbo, wanda aka buɗe a 2008, da tsofaffin tubala da fale-falen rufi na ƙauyukan da aka rushe, ya jera su a fili kowa na gani, kuma a 2012 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini.

7. A haɗa sabon ginin yadda na gaba zai iya kwance shi. Wannan shi ne matakin da ke rufe zagayen, kuma hujjarsa tana Kofenhagen. Tsofaffin gidajen Turai da aka gina da kwaɓin farar ƙasa ana iya ɓanɓare jan bulonsu ɗaya ɗaya a kankare a sake amfani da shi. Waɗanda aka gina da kwaɓin siminti kuwa bulon ne ke fashewa kafin kwaɓin ya saki. Shi ya sa kamfanin Lendager, da zai gina rukunin gidajen Resource Rows a Kofenhagen, waɗanda aka gama a 2019, sai da ya yanko bangayen tsofaffin gine-gine, har da na kamfanin Carlsberg, a faifai mai mita ɗaya ta kowane gefe, ya jera su a sabon bango. Dabara ce mai kyau, amma tsada ce da maginin farko ya jawo. Don haka kwaɓi ya kasance bai fi bulon da yake riƙewa ƙarfi ba, bulon ƙasa a gina shi da kwaɓin ƙasa. Katako da ƙarfen rufi a ɗaure su da noti da sukuru maimakon walda da gam. Ofishin bankin Triodos a Holan, na 2019, an haɗa katakonsa da sukuru fiye da dubu 165 domin a iya warware shi. Gwangwanin ƙofa a ɗaure shi da sukuru, kada a binne shi a kankare. Bututun ruwa da na waya a bi da su inda za a kai gare su ba tare da fasa bango ba, tunda su ke riga bango tsufa. Daga ƙarshe a rubuta abin da ke cikin ginin: irin rodin da aka sa da kaurinsa, awon kwaɓi, inda bututu ya bi, wane katako ne tsoho da inda ya fito. A Holan akwai rumbun intanet mai suna Madaster da aka kafa a 2017 don irin wannan rajista. A nan littafi ɗaya da hotuna sun wadatar, a yi kwafi biyu, ɗaya a wurin magini, ɗaya a haɗa da takardun fili.